Kyanganci

Kyanganci harshen Kyangawa ne, al'ummar da ke zaune a yammacin Jihar Kebbi, musamman a ƙananan hukumomin Dandi da Bagudo, da kuma yankin Gaya na Jamhuriyar Nijar da arewacin Jamhuriyar Benin. A rubuce-rubucen Faransanci ana kiransu Tienga. Kyangakwai, a Masarautar Argungu, na daga cikin tsofaffin garuruwansu.

Asali

Masana harsuna sun sanya Kyanganci cikin reshen gabas na dangin harsunan Mande, wato dangi ɗaya da Bambaranci na ƙasar Mali. Ba shi da dangantakar asali da Hausa, wadda ke cikin harsunan Cadi. Ɗan'uwansa na kusa shi ne Shanganci na ƙasar Yawuri, sai Busanci da Bokanci na ƙasar Borgu.

Tarihi

Ana lissafa Kyangawa cikin waɗanda suka riga kowa zama a ƙasar Dandi, a gaɓar Kogin Kwara. Ƙasar tasu ta faɗo tsakanin manyan dauloli biyu, Songhai daga yamma da Kabi ta Muhammadu Kanta, wadda ta bunƙasa a ƙarni na 16 da hedikwata a Surame. Bayan da Maroko ta karya Songhai a 1591, sarakunan Songhai suka gangaro Dandi, Dandanci ya yi ƙarfi a bakin kogi. Ta gabas kuwa Hausa ce ta yi ta kutsowa ta hanyar fatauci da sarauta da karatun allo. Lamarin ya ƙaru bayan masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa kuma suka koma Argungu. Daga baya iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Kyangawa ƙasa uku.

Halin da ake ciki

Kyangawa suna da yawa har gobe, amma mafi yawansu Hausa ko Dandanci suka tashi da shi. Harshen ya fi saura a wasu ƙauyuka na kewayen Illo da tsallaken iyakar Benin. Auratayya da kasuwa da makarantar boko duk sun taimaka wajen ja bayansa. Masanin harsuna Ross Jones ya tattara kalmominsa, ya kuma bayyana nahawunsa tare da na Shanganci. Ana ƙidaya shi cikin harsunan Nijeriya da ke fuskantar barazanar ɓacewa.