Wasiƙa ɗaya, gida dubu: Tarihin tura i-mel ga jama'a da yawa

Mai karatu, na san ka taɓa buɗe akwatin i-mel ɗin ka ka tarar da takardar gayyata, ta ɗaurin aure ko ta taron ƙungiya ko ta ƙaddamar da littafi, sannan ka ga adireshin ka a jere da na mutum sittin ko saba'in a saman wasiƙar. Wasu ka san su, wasu ko a mafarki ba ka taɓa jin sunan su ba. Su ma duk sun ga naka. Wataƙila ka karanta ka wuce abin ka. To, wannan abin da ka ke yi wa kallon ba komai ba ya taɓa tsayar da aiki cak a manyan ma'aikatu, ya taɓa tona asirin marasa lafiya, har ya taɓa jefa rayukan bayin Allah cikin haɗari. Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

Tun kafin a san wani abu wai shi kwamfuta, akawu ya na fama da yadda zai rubuta wasiƙa ɗaya ta je hannun mutane da yawa. A 1806 wani Baturen Ingila mai suna Ralph Wedgwood ya yi rajistar takardar kabon, irin wadda har gobe ka ke gani a cikin littafin rasit na shaguna. Da tafireta ta fara shiga ofisoshi bayan kamfanin Remington na Amurka ya sa ta a kasuwa a 1874, sai sakatarori su ka riƙa jera farar takarda da kabon, bugu ɗaya ya ba su kwafi uku ko huɗu. A ƙasan wasiƙar sai a buga haruffa biyu, "cc", wato kwafin kabon, a jera sunayen waɗanda aka ba kwafi, domin mai wasiƙar ya san wa da wa su ka gani. In kuma maigida ya na so wani ya samu kwafi a ɓoye, sai sakatare ya zare takardar sama, ya buga "bcc" a kan ta ƙasa kaɗai. Ka riƙe wannan a ran ka, domin duk rigimar da za ka ji a gaba a kan waɗannan haruffan ta ke.

A 1969 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike a kan layi ɗaya da aka kira ARPANET, wanda shi ne kakan intanet. A 1971 wani injiniya, Ray Tomlinson, ya gano yadda saƙo zai tashi daga wata kwamfuta ya sauka a wata, kuma shi ne ya zaɓi alamar nan ta @ don ta raba sunan mutum da sunan na'urar da ya ke. Da masu amfani da layin su ka yawaita, aka zauna aka tsara fasalin saƙo. Ƙa'idar da aka fitar a 1977, wadda David Crocker ya sabunta a 1982, ta na ɗauke da gurabe ukun da ka sani: To na wanda aka yi wasiƙar domin sa, Cc na masu kwafi, da Bcc na masu kwafin ɓoye. Ka ga ke nan injiniyoyin al'adar sakatarori su ka kwaso ɗungurungum. Ƙa'idar ta kuma yarda a tara adireshi da yawa a ƙarƙashin suna guda.

Wahalar rashin irin wannan rukunin ta fito fili a ranar 3 ga Mayu, 1978. Wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC, Gary Thuerk, ya so gayyatar jama'a su zo kallon sababbin injunan kamfanin a Los Angeles da San Mateo. Aka ɗauko littafin adireshin masu amfani da ARPANET, aka zauna aka buga adireshi kusan 400 da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ashe manhajar ba ta ɗaukar fiye da 320 a gurbi guda, don haka sauran su ka malalo cikin jikin wasiƙar. Sai mutum ya wuce tulin sunaye kafin ya kai ga gayyatar. Jama'a su ka fusata, hukumar sojan da ke kula da layin ta ja wa kamfanin kunne. Wannan wasiƙar ita ake ɗauka a matsayin ta farko cikin tarkacen tallar da ke cika mana akwati a yau.

A daidai wannan lokacin wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Eric Allman, ya na rubuta manhajar rarraba saƙonni. Ya fitar da delivermail a 1979, sannan sendmail a 1983. A cikin tsarin akwai wani fayil da mai kula da na'ura zai rubuta suna ɗaya, a ce "malamai", ya jera adireshin su a gaban sa. Duk wanda ya aika wa "malamai" saƙo, na'ura ce za ta raba wa kowa. Daga baya Hotmail ya fito a 1996, Yahoo Mail a 1997, Gmail a 2004, sai i-mel ya zama na kowa. A nan gida ma a shekarun 2000 ne yayyen mu su ka riƙa biyan kuɗin awa a shagunan intanet su na buɗe akwati. Kowane akwati ya zo da ɗan littafin adireshi wanda mutum zai iya kasa abokan hulɗar sa rukuni-rukuni.

A nan ne ya kamata ka lura, mai karatu, domin rukuni iri biyu ne, kuma kowanne da irin ɓarnar sa. Na farko shi ne na ma'aikata: adireshi ne guda da ke zaune a babbar na'urar ofis, kuma in ba a sa masa takunkumi ba, kowa na iya jefa saƙo a ciki ya isa ga kowa. Na biyu shi ne naka na kan ka, wanda ka haɗa a littafin adireshin ka. Shi wannan laƙabi ne kurum. Kai ne ka ke ganin suna ɗaya. Da zarar ka danna aikawa, sai ya warware ya koma adireshi ɗai-ɗai, kuma duk wanda ya karɓa zai ga na sauran, sai fa in a gurbin Bcc ka sa shi.

Ɓarnar nau'i na farko ta faɗa wa kamfanin Microsoft da kan sa a watan Oktoba, 1997. Wani ma'aikaci ya ga sunan sa a wani rukunin gwaji mai suna Bedlam DL3, sai ya rubuta wa rukunin ya na tambayar dalili, ya ce a cire shi. Bai san mutum kusan 13,000 ne a ciki ba. Nan fa wasu su ka shiga danna Reply All, maɓallin amsa wa kowa, su na cewa su ma a cire su. Wasu kuma su ka riƙa amsa wa kowa su na roƙon a daina amsa wa kowa! Aka ƙiyasta saƙonni kimanin miliyan 15 su ka zagaya, na'urorin kamfanin su ka ƙwame, sai da aka yi kwana biyu ana gyara.

Kada ka ce ai wannan da ne. A ranar 14 ga Nuwamba, 2016, irin haka ta faru a hukumar lafiya ta Ingila, NHS. An haɗa wani ɗan rukuni don mutane ƙalilan, aka tura saƙon gwaji, ashe wata tangarɗa a tsarin ta zuba ma'aikata kimanin 840,000 a ciki. Masu amsa wa kowa su ka ɗora, kafin hantsi ya dubi ludayi saƙonni sun kai ɗaruruwan miliyoyi. Likitoci da ma'aikatan jinya su ka wuni saƙonnin aikin su na makara.

Wannan duk asarar lokaci ce. Ɓarnar nau'i na biyu ita ce mai ciwo. A ranar 1 ga Satumba, 2015, wani asibiti da ke lamba 56, titin Dean, a Landan, wanda ke kula da masu cutar ƙanjamau, ya tura wa mutum 781 wasiƙar labarai da ya saba turawa. Ma'aikacin ya zuba adireshin a gurbin To maimakon Bcc. Adireshi 730 daga ciki na ɗauke da cikakken sunan mai shi. Ko da ya ke ba duk waɗanda ke jerin ne ke da cutar ba, ka san yadda zato ya ke. Ka ɗauka kai ne ka ɓoye ciwon ka shekara da shekaru, rana ɗaya ɗaruruwan mutane su ka ga sunan ka, kai ma ka ga na wani da ka sani. A 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya ta ci tarar hukumar asibitin fam 180,000. Sai dai magana zarar bunu ce; tara ba ta maido da asirin kowa ba.

Mafi muni ya zo a 2021. Bayan 'yan Taliban sun karɓe Kabul a ranar 15 ga Agusta, akwai 'yan Afganistan da su ka yi wa sojan Birtaniya aiki, irin su tafintoci, waɗanda ke ɓoye su na jiran a kwashe su. A ranar 20 ga Satumba, ofishin da ke kula da su a Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya tura wa mutum 245 saƙo guda, aka sa jerin a gurbin To. Kowa ya ga adireshin kowa, 55 daga ciki har da ɗan hoton su. Mutum biyu su ka amsa wa kowa, ɗaya ma ya faɗi inda ya ke. Da saƙon ya faɗa hannun da bai dace ba, rai ne a bakin sa. Ministan tsaro na lokacin, Ben Wallace, ya nemi gafara a gaban majalisa, sannan a Disamba, 2023, aka ci tarar ma'aikatar fam 350,000.

To, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kai da ke riƙe da adireshin 'yan ƙungiya, ko na iyayen yara, ko na masu sayen kayan ka, ga abin da wannan tarihi ya bar maka. Haɗa rukunin ba shi da wuya. A Gmail za ka shiga littafin adireshi, ka zaɓi mutanen, ka liƙa masu laƙabi ɗaya; in za ka rubuta wasiƙa sai ka buga laƙabin, adireshin su fito. A Outlook ma akwai wurin buɗe sabon rukuni ka zuba sunaye. Ka dai sani Gmail na kyauta ya na tsayar da mutum in ya haura masu karɓa 500 a rana.

Riƙon rukunin shi ne aikin. Ka ba kowane rukuni sunan da ba za ka rikita shi da wani ba, domin "Kwamiti" da "Kwamiti 2" su ne ke sa sirrin shugabanni ya faɗa hannun kowa da kowa. Kafin ka aika, ka buɗe jerin ka ga su wa ke ciki. Wanda ya bar ƙungiya ka cire shi, wanda ya rasu ka cire shi, wanda ya ce a cire shi kada ka sa ya maimaita. Idan mutanen sun san juna kuma aiki ɗaya su ke yi, To da Cc sun wadatar. Idan ba su san juna ba, ka sa adireshin ka a To, ka sa rukunin a Bcc. Hakan kuma zai hana mai amsa wa kowa damun sauran. In kuwa shiga jerin kaɗai na iya fallasa mutum, kamar marasa lafiya ko masu bashi ko masu neman taimako, to ko Bcc ɗin ma kada ka dogara da shi, tunda mantuwar daƙiƙa ɗaya ta isa. Ka tura wa kowa nasa daban. Ita kan ta hukumar da ta ci tarar waɗancan ma'aikatu shawarar da ta ke bayarwa ke nan. Mu ma nan Nijeriya mu na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, saboda haka zancen ya wuce na ladabi kawai.

Wanda duk ya ba ka adireshin sa, kai ya ba, bai ba duniya ba. Sakataren da ya na da sa'a guda, domin shi sai ya zare takarda da hannun sa, ya linke, ya sa a ambulan, ya liƙa kan sarki, kuma a kowane mataki ya na iya ganin kuskuren sa. Kai dannawa ɗaya gare ka. Don haka gobe in ka zo tura gayyatar nan, ka dakata ka dubi saman wasiƙar tukuna, ka ga a wane gurbi sunayen mutane su ke.