Rigar fata irin ta matuƙa jirgin yaƙi: yadda mai faɗin ƙirji zai zaɓi tasa a gwanjo

Duk wanda ya taɓa rakiyar shanu daga Arewa zuwa Kudu a watan Disamba ya san abin da ake kira sanyi. Tirela ta taso da yamma, tsakar dare kun biyo ta Kafanchan kun nufi Akwanga, iskar da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro tana dukan ƙirji, kai kuma kana saman katako kana leƙen dabbar da ta kwanta. A irin wannan dare suwaita ba ta tare komai, iska ratsa ta take yi kamar rariya. Shi ya sa 'yan rakiya da 'yan acaɓa da direbobi ke neman jaket ɗin fata, musamman gajeren nan mai roba a ƙugu da bakin hannu, wanda 'yan gwanjo ke cewa na sojan sama.

Matsalar ita ce yawancin masu neman rigar majiya ƙarfi ne. Wanda ya taso yana jan igiyar sa, ko yana dako a Mile 12, ko yana ɗaga ƙarfe, kafaɗarsa da damtsensa sun cika, cikinsa kuwa a shafe. Ita kuma rigar ba don irin wannan jiki aka fara yanka ta ba. Ni kaina na yi asarar kuɗi a kan wannan. Ta farko da na saya ta zauna min cif a gaban madubi, amma ranar da na miƙa hannu zan kama ƙahon wani bijimi sai na ji ɓarat a hammata.

Asalin rigar daga Amurka ne, kuma iri-iri ce, kowace da lambarta. Wadda aka fi kwaikwayo ita ce A-2, wadda sojan saman Amurka suka fara amfani da ita a 1931. Da fatar doki aka fara yin ta, daga baya aka shigo da ta akuya da ta saniya. Za ka gane ta da kwala irin ta shat, aljihu biyu masu murfi a gaba, 'yar maɗauri a kan kowace kafaɗa, sannan bayanta falle ɗaya ne ba ninki. An gajarta ta ne don kada ta tattare wa matuƙi in ya zauna a kujerar jirgi. An daina ba da odarta a lokacin yaƙin duniya na biyu, aka dawo da ita a 1988. Ta biyu ita ce G-1 ta matuƙan sojan ruwa, mai kwalar gashin tunkiya, wadda ta samu wannan suna a 1947. Ita ce Tom Cruise ya sa a fim ɗin Top Gun na 1986, wanda ya sa duniya ta rikice da neman irinta. Ta uku B-3, ta 1934, buzu ce sukutum, gashin a ciki fatar a waje, an yi ta ne don masu jiragen sakin bam da ke hawa ƙafa dubu 25 a cikin jirgin da ba ɗumi, inda sanyi ke iya daskarar da yatsa. Akwai kuma MA-1, amma ita ta nailan ce, ba ta cikin zancenmu.

B-3 ka bar ta inda ka gan ta. Ko a Jos kwana kaɗan ne a shekara za ka iya sa ta, balle Fatakwal ko Legas. Kuma mai jiki in ya shiga cikinta sai ya koma kamar buhun citta.

Tsakanin sauran biyun, ni dai G-1 nake ba mai faɗin kafaɗa shawara, kuma dalilin yana bayan rigar. Juya ta ka duba: a bayan kowace kafaɗa akwai ninki da ya gangaro zuwa ƙugu, wanda ke buɗewa in ka miƙa hannu gaba ya koma in ka sauke. A hammata kuma an ƙara 'yar fata don hannu ya ɗagu ba tare da ya ja rigar gaba ɗaya sama ba. Sannan akwai ɗamara a bayan ƙugu da ke tsuke ta. Wato sama a sake, ƙasa a tsuke, daidai ƙirar wanda ƙirjinsa ya fi cikinsa. A-2 ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. In ka ɗauki wadda ta yi wa cikinka daidai, kafaɗa za ta ɗaure ka. In ka ƙara lamba don kafaɗa, sai ciki ya yi bulumbuƙui kuma hannu ya wuce yatsu. Wanda ransa ya kafe a kan A-2 ya nemi ta kamfanonin baya-bayan nan, irin su Avirex da Cooper da Schott, don galibi sun fi sakin ƙirji da hammata a kan yankan da.

Yanzu batun awo. Kafin ka fita kasuwa, ka je wurin tela ya auna maka ƙirji da tef, ta ƙarƙashin hammata, hannuwa a sauke, kada ka kumbura ƙirji don burga. Lambar Amurka da ta Ingila inci ce: 40, 42, 44. Ta sauran ƙasashen Turai ta ɗara da goma, wato 52 ɗinsu ita ce 42. Amma kada ka dogara da lambar wuya, musamman a gwanjo, inda 42 ta wani kamfani ta kai 44 ta wani, wata kuma ta sha ruwa ta ƙanƙance. Ka tafi da tef ɗinka. Ka ja zif, ka shimfiɗa rigar, ka auna daga hammata zuwa hammata ka ninka biyu. Abin da ya fito ya fi ƙirjinka da inci 3 zuwa 4. In za ka riƙa sa ta a kan kaftani da suwaita, to ka nemi 5. Da kayan da za ka riƙa sa ta a kai za ka gwada ta, ba da singileti ba.

Kafaɗa ce uwar awo. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki ya zauna a kan ƙashin kafaɗa ko ya ɗan gota kaɗan. In ya hau sama ya nufi wuya, ajiye ta, ko da mai kaya ya rantse maka fata tana saki. Gaskiya ne tana saki, amma a damtse da gwiwar hannu, kuma kaɗan. Kafaɗa ba ta ƙaruwa, kuma ba baduku ko telan da zai ƙara maka ita. Ciki kuwa ana iya rage shi a wurin mai keken ɗinkin fata, sai dai ka sani duk inda allura ta huda fata ramin ya zauna ke nan, don haka sau ɗaya ake yi.

In ka sa, kada ka tsaya ƙiƙam kana kallon madubi. Ja zif har wuya. Miƙa hannu biyu gaba kamar ka riƙe kan babur. Rungume kanka. Ɗaga hannu sama kamar za ka kama ƙarfen tirela. Sannan ka tsuguna. In bayan ya ɗaure, ko hammata ta cije ka, ko robar hannu ta gudu ta bar tsintsiyar hannu a waje da yawa, ba taka ba ce. Tsawo kuwa, robar ƙugu ta rufe bel ta tsaya nan. Dogaye su ne ke shan wahala a nan, su nemi wadda aka sa wa harafin L ko T a gefen lamba.

Sai fata, inda nake ganin mu 'ya'yan fatake ba mu da uzurin a cuce mu. Fatar akuya ita ce ta fi dacewa da mu: ba nauyi, tana da ƙwari, tana lanƙwasuwa tun ranar farko, kuma fuskarta tana da 'yan ƙuraje-ƙuraje ƙanana da za ka ji a yatsa. Ƙirgin saniya ya fi kauri da nauyi, ya fi tare iska a kan babur, amma sai ya ɗauki lokaci kafin ya bi jiki. Fatar ɗan rago ta fi kowace laushi da kyan gani, ita ce kuma ƙusa ɗaya ke yagawa. Ta zuwa biki ce. Abin dariyar shi ne fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi na cikin waɗanda duniya ta fi yabo. Tun zamanin fatauci ta Sahara take fita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can take isa gare su, kuma har yau masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna tura fata Italiya da Sifen. Ba mamaki wata rigar da ke rataye a Katangowa akuyar ƙauyenmu ce ta zagayo ta dawo. Ƙirgin shanunmu kuwa, ku da ke Kudu kun fi ni sanin inda yake ƙarewa: a tukunya, an babbake shi ya zama ganda.

Ta roba ita ce ta cika kasuwa, daga Kasuwar Barci a Kaduna da Ƙofar Wambai a Kano har Yaba da Aba. Gane ta ba wuya. Sansana: fata warin fata take yi, ita kuwa warin leda. Nemi inda bakin yanka ya fito, a cikin aljihu ko gefen zif. Bayan fata gashi-gashi ne kamar cikin takalmi, bayan roba yadi ne saƙaƙƙe. Danna da babban yatsa, fata za ta yi 'yan tamoji ta koma. Duba kwala da gwiwar hannu, don nan roba ke fara ɓarewa, kuma in ta fara ba mai tsayar da ita. Tabo kaɗan, irin na kaska ko ƙaya, ba aibi ba ne, shaida ce ma cewa dabba ta taɓa yawo a cikinta. Wanda za ka guda shi ne fatar da ta bushe ta tsattsage.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Wasu riguna, musamman masu laushin nan kamar karammiski, da fatar alade ake yin su, wasu kuma a shafin ciki ake sa ta. Kusanto da ita ido: ramukan gashin alade uku-uku suke zama, kamar duwatsun murhu. In ka ga haka ka san abin da ke hannunka.

Zif da roba da shafi duk ana canza su, don haka lalacewarsu dalilin neman ragi ne kawai. Zif ɗin ƙarfe mai tambarin YKK ko Talon alama ce mai kyau. In ɗan kasuwa ya ce maka ta yaƙin duniya ce ta asali, yi murmushi ka taya ta a kuɗin gwanjo. Ta asalin ta haura shekara 80, kuma masu tara kayan tarihi ba sa bari ta shiga dila.

Batun bajo fa, a kula. Da yawa suna zuwa da tutar Amurka da fuka-fukai da igiyoyin muƙami a kafaɗa. Sashe na 110 na dokar manyan laifuka da ke aiki a jihohin Kudu ya haramta wa farar hula sa kakin soja ko abin da ya yi kama da shi. Rigar fata ruwan ƙasa ba kakin sojan Najeriya ba ce, amma daga Kafanchan zuwa Lokpanta shinge nawa za ka wuce? Ba kowane mai bindiga ne zai tsaya sauraron tarihin 1931 da ƙarfe biyun dare ba. Ka zaɓi wadda ba ta da komai a jiki. Mai bajo ɗinkakke in ka ɓamɓare ramukan allura za su fito, don haka tun a kasuwa ake yanke wannan shawara.

Abin da ke kashe rigar a Kudu ba sawa ba ne, ajiya ce. A Arewa hunturu ke busar da ita, a Legas da Onica da Fatakwal danshi ke sa ta fumfuna, wata biyu a cikin jaka sai ka tarar ta yi fari-fari tana wari. Kada ka naɗe ta a leda. Rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, ba a ƙusa ba, a inda iska ke shiga, kuma lokacin damina ka riƙa fito da ita inuwa tana shan iska. In ruwa ya dake ta, goge da tsumma ka bar ta ta bushe da kanta, ban da rana tsaka, ban da gefen wuta. Sau ɗaya a shekara, gab da hunturu, ka shafa mata man kaɗe kaɗan ƙwarai, ka murza da tafin hannu. Zai ɗan duhunta launin, don haka fara gwadawa a ƙarƙashin kwala.