Shaidar Zur a Gaban Injin Bincike: Ɗa'a da Algus a Sana'ar Ɗaga Shafukan Intanet

A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta fito da wani bincike na David Segal a kan kamfanin kantuna na J.C. Penney da ke Amurka. Tsawon watanni, ciki har da lokacin cinikin Kirsimeti, duk wanda ya nemi riguna ko zanen gado ko darduma a Google da Ingilishi, shafin Penney ne ke fara yi masa maraba. Abin har ya kai idan ka nemi jakar tafiya ta Samsonite, Penney ke sama, shi kansa kamfanin Samsonite yana ƙasa. Da aka tona, sai aka iske dubban mahaɗai da aka shuka a ɗaruruwan shafukan da ba su haɗa komai da tufafi ba: wani na injiniyancin nukiliya, wani na dillancin gidaje a Bulgeriya, wani na caca. Google ya ɗauki mataki, shafin Penney da ke lamba 1 a neman jakar ya koma lamba 71. Penney ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma raba gari da SearchDex, kamfanin da ke yi masa wannan aiki.

'Yan wannan sana'a, wadda aka fi sani da SEO, sun kasa kansu gida biyu, da sunayen da suka samo asali daga finafinan kaboyi: masu farar malafa da masu baƙar malafa. Na farko shi ne mai bin ƙa'idojin Google, na biyu mai karya su. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, wannan rabo bai isa ya zama ma'aunin ɗa'a ba. Ƙa'idojin Google sharuɗɗan kamfani ne mai neman riba, kuma shi ma ɗan kasuwar ne. Akwai cuta da yawa da ƙa'idojin ba su hana ba, ko ba su hana da wuri ba. Wanda ya kamata a auna komai da shi shi ne mutumin da ya zo da tambaya, yana jiran amsa.

Kafin 1998 injinan bincike irin su AltaVista sun fi dogara da abin da shafi ya faɗa game da kansa. Saboda haka aka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa a gindin shafi, sau da yawa da farin rubutu a kan farin fili, yadda idon mutum ba zai gani ba amma na'ura za ta ƙirga. Larry Page da Sergey Brin, suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, sun zo da wata dabara da suka kira PageRank: a rage kula da yabon kai, a duba su wane ne ke nuno shafin. Kowace mahaɗa da wani ya sa zuwa shafinka tamkar shaida ce ya ba ka, kuma shaidar wanda shi ma ake yawan nunawa ta fi nauyi. Tsarin ya yi aiki ne don a lokacin mutane na sa mahaɗa saboda abin ya burge su ko ya amfane su. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Charles Goodhart, ya riga ya lura tun 1975 cewa duk ma'aunin da aka mayar da shi abin nema, to ya fara lalacewa. Ranar da aka gane mahaɗa na jawo ciniki, ranar aka sa mata farashi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan ciniki, suna kiransa najash, kuma Imamu Malik ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa: mutum ya taya kaya da tsada alhali ba shi da niyyar saye, don kawai wani ya ji ya biyo sahu. Ɗan najash bai yi wa kayan ƙarya da bakinsa ba, bai ce sabo ne alhali tsoho ne ba. Abin da ya gurɓata shi ne alamar da mai saye ke karanta darajar kaya da ita, wato sha'awar sauran mutane. Mahaɗar da aka saya aka ɓoye cewa saye aka yi, wannan aikin take yi. Shafin dillancin gidaje na Bulgeriya bai taɓa ganin rigar Penney ba, amma ya tsaya a matsayin mai shaida. Shi ya sa alamar nofollow da Google da Yahoo da MSN suka amince da ita a 2005, da ta sponsored da aka ƙara a 2019, suke da ma'ana ta ɗa'a fiye da ta fasaha: hanya ce ta cewa wannan talla ce, kada a ƙirga ta cikin shaidu. Mai talla da ya sa alamar bai cuci kowa ba. Wanda ya ƙi sawa ya san dalilinsa.

Hujjar da aka fi kawowa don kare waɗannan dabaru ita ce, ai na'ura aka yaudara, ba mutum ba, kuma na'ura ba ta da haƙƙi a kan kowa. A zahiri hujjar tana da ɗan ƙarfi, amma ba ta jure dubawa. A 2006 Google ya cire shafin BMW na Jamus daga rumbunsa gaba ɗaya, bayan an gano cewa abin da injin ke gani daban ne da abin da mutum ke gani. Injin ana nuna masa shafi cike da kalmar Jamusanci ta "motar hannu" an maimaita ta sau da dama, mutum kuwa da ya danna sai a wuce da shi zuwa wani shafin mai hotunan motoci. Me ya sa aka sha wahalar shirya fuska biyu? Domin injin wakili ne. Mai tambaya ba zai iya karanta biliyoyin shafuka ba, sai ya wakilta na'ura ta tace masa. Wanda ya yi wa ɗan aike ƙarya don ya kai wa uban gidansa, ba ɗan aiken ya nufa ba.

Sai dai labarin da ya fi nuna gazawar ma'aunin malafa shi ne na Vitaly Borker, mai sayar da tabarau ta intanet daga Brooklyn da sunan DecorMyEyes. A ƙarshen 2010 ya shaida wa Segal ɗin nan cewa da gangan yake zagin masu saye yana yi musu barazana, domin duk wanda ya fusata zai je ya rubuta ƙorafi a wani wuri ya ambaci shagonsa, kuma a lissafinsa wannan na ɗaga shi a Google. Bai ɓoye rubutu ba, bai nuna wa injin fuska biyu ba. Idan jerin laifuffukan da aka saba lissafawa ne abin dubawa, da wuya a samu layin da ya kama shi. Google ya gyara tsarinsa cikin 'yan kwanaki, hukuma ta kama Borker a Disamban shekarar, a 2012 kotu ta yanke masa shekara huɗu. Abin lura shi ne, kowa ya san abin da ya yi mugunta ce tun kafin Google ya rubuta komai a kai. Ashe da ma akwai wani ma'auni da ya riga ƙa'idojin, kuma da shi muke auna su kansu ƙa'idojin.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanin da ke rubuta dokar shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, kuma yana da haja a kasuwar. Tun 2003 wata kotun tarayya a Oklahoma, a ƙarar da SearchKing ya shigar bayan an sauke darajar shafukansa, ta yanke cewa PageRank ra'ayin Google ne, kuma tsarin mulkin Amurka ya kare shi a matsayin 'yancin faɗar albarkacin baki. Ma'ana, wanda aka sauke ba shi da inda zai kai kuka sai wurin wanda ya sauke shi. A Janairun 2012 Google ya hukunta shafinsa na Chrome na kwana 60 saboda an biya marubuta su tallata shi, abin da za a iya yabawa. Amma a 2017 Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita nasa sashen kwatanta farashi a kan na abokan hamayya, kuma babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da hukuncin a 2024. A Agustan 2024 mai shari'a Amit Mehta na Amurka ya yanke cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ba bisa ƙa'ida ba. A shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin da waya da burauza ke buɗewa da shi. Wanda ke sayen mazaunin gaba da irin wannan kuɗi, ba a kansa za a ɗora ma'anar halal da haram a batun sayen matsayi ba. Hukuncinsa ma bai cika daɗewa a kan manya ba: BMW ya dawo cikin 'yan kwanaki, shafin Rap Genius da aka kama yana musayar talla da mahaɗai a Disamban 2013 ya dawo bayan kwana goma. Injin da aka nemi BMW a cikinsa aka rasa, shi ma ya yi asara, kuma duka ɓangarorin sun san haka.

Ɓarnar da ta fi yawa a yau ma ba a ɓoye take ba. Ta fara bayyana sosai da kamfanoni irin su Demand Media, masu duba abin da mutane ke yawan tambaya su biya marubuta 'yan daloli su cike shafi da abin da ya yi kama da amsa. Gyaran Panda na 2011, wanda Google ya ce ya shafi kusan kashi 12 cikin 100 na bincike a Amurka, don irinsu aka yi shi. Abin bai mutu ba, riga ya sake. Wasu masana daga jami'o'in Leipzig da Weimar a Jamus sun bi tambayoyi 7,392 na neman sharhin kayan saye tsawon shekara guda a Google da Bing da DuckDuckGo, suka wallafa sakamakon a 2024: shafukan da ke cin kamasho idan mai karatu ya sayi abin da suka yaba sun mamaye sahun gaba, fiye da yawansu a intanet nesa ba kusa ba. A shekarar ne kuma HouseFresh, wani ƙaramin shafi da ke sayen na'urorin tace iska yana gwada su da hannu, ya koka cewa manyan mujallu na danne shi da jerin "mafi inganci" na kayan da babu alamar sun taɓa kunna su. Kafin nan, a Nuwamban 2023, an gano sharhin kayan saye a shafin Sports Illustrated ɗauke da sunayen marubutan da babu su, da hotunan fuskokin da kwamfuta ta ƙirƙira. Sai a Maris 2024 Google ya sa ba da hayar sunan babban shafi ga 'yan kamasho cikin laifuffukansa. Shin kafin wannan watan halal ne? Mai asma da ya sayi na'ura bisa sharhin wanda bai taɓa ganinta ba an cuce shi a 2022 kamar yadda za a cuce shi a 2025.

Ma'aunin da nake ganin ya fi tsayawa da ƙafarsa mai sauƙi ne: da za a gaya wa mai tambaya dalla-dalla yadda shafin ya zo gabansa, zai ci gaba da yarda da shi? Idan aka ce masa an gyara shafin ya riƙa buɗewa da sauri, an rubuta take da kalmomin da mutane ke amfani da su, an tsara bayanin yadda injin zai gane, zai ce madalla. Wannan ne halastaccen ɓangaren sana'ar, kuma yana da faɗi. Likitan da ya rubuta bayani mai kyau a kan hawan jini amma ba wanda ke iya samunsa bai amfani kowa ba. Idan kuwa aka ce masa masu yabon biyansu aka yi, marubucin babu shi, ko an sayi tsohon adireshin wata makaranta ne don a ci gādon mutuncinta, zai juya baya. Duk dabarar da ba ta aiki sai a ɓoye ta ga wanda ake yi dominsa, algus ce, ko Google ya lissafa ta ko bai lissafa ba. Doka ma ta fara kallon abin ta wannan fuska. A 2013 ofishin babban lauyan jihar New York ya buɗe shagon yogot na bogi a Brooklyn, ya kira kamfanonin SEO yana neman taimako, wasunsu suka yi tayin rubuta masa sharhin ƙarya. Kamfanoni 19 suka biya tarar da ta haura dala 350,000. Laifin da aka kama su da shi yaudarar masu saye ne, ba saɓa wa Google ba.

Ma'aunin ya kuma shafi alaƙar ɗan sana'a da wanda ya ɗauke shi aiki. Ko an yarda da Penney ko ba a yarda ba, abu ne sananne cewa mai shago yakan biya kuɗi a ɗaga shi ba tare da an gaya masa kasadar da aka jefa shi ba. Bayan gyaran Penguin da Google ya yi a Afrilun 2012, shafuka da dama sun faɗi saboda mahaɗan da wani ya saya musu shekaru baya, wanda ya karɓi kuɗin kuwa ya daɗe da kama gabansa. Wasu kuma suka juya makamin: su sayi mahaɗan banza su jibga wa abokin hamayya don a hukunta shi. A Oktoban shekarar Google ya fito da hanyar da mai shafi zai barranta da mahaɗan da bai so, wato aikin wanke kai ya koma kan wanda aka watsa wa laka.

Akwai inda batun ya taɓa masu bincike da Hausa kai tsaye. A 2018 Michael Golebiewski da danah boyd sun yi bayanin abin da za a kira giɓin bayanai: tambayoyin da ingantaccen rubutu a kansu ya yi ƙaranci, ta yadda duk wanda ya riga cike gurbin shi ne zai zama amsa. A Ingilishi irin wannan giɓi na samuwa ne a lunguna. A harshen da rubutunsa bai yi yawa a intanet ba, yakan faɗo a kan tambayoyin yau da kullum, irin na ciwon suga, da haihuwa, da neman biza, da bashin banki. A nan mai son cin riba ba ya ma bukatar sayen mahaɗa ko ɓoye rubutu. Ya isa ya sa na'ura ta juya masa shafuka ɗari daga wani harshe cikin dare ɗaya, ya liƙa lambar mai sayar da magani a ƙasa, domin sau da yawa babu wani likita ko ma'aikatar lafiya da ta riga shi rubuta amsar da Hausa.