Ɗan Sandan da Ya Tuɓe Kaki Ya Hau Dandamali

Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna, wadda ke kudu da kogi, nan ne layin dogon da ya taso daga Legas ya haɗu da wanda ya fito daga Fatakwal. Dogon nan ya kwaso akawuna da makanikai da leburori daga Kudu, ya sauke su a Kaduna da Zariya da Kano da Jos. A watan Yuni na 1945 ma'aikatan reluwe suka shige gaba a yajin aikin gama-gari, ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, suna neman ƙarin kuɗi saboda tsadar rayuwar da Yaƙin Duniya na Biyu ya haifar. Fiye da kwana 40 ana ja-in-ja da gwamnatin Turawa. A Legas kuwa akwai wani saurayi da ya zuba wa lamarin ido, ya ga cewa wannan labari ne da ya kamata a tsaya gaban jama'a a nuna shi.

Sunansa Hubert Ogunde. An haife shi a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Mahaifinsa ma'aikacin coci ne, kakansa na wajen uwa kuma malamin duba ne na addinin gargajiyar Yarbawa, don haka yaron ya tashi da kunne ɗaya a waƙoƙin coci, ɗaya a gangunan gidan kaka. Ya yi koyarwa, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941.

Yana cikin kaki ya shirya wasansa na farko, The Garden of Eden and the Throne of God, wanda aka nuna a zauren Glover da ke Legas a 1944 don tara wa wata coci kuɗi. Yadda jama'a suka karɓe shi ne ya sa ya ajiye aikin gwamnati mai albashi da fansho, ya kafa ƙungiya mai suna African Music Research Party. A wancan zamani wannan kasada ce babba. Wasa abin nishaɗin 'yan makaranta ne da 'yan coci, ba wanda yake ɗaukarsa sana'ar riƙe gida. Ogunde ya buga talla a jarida yana neman 'yan mata da zai riƙa biya albashi su fito a dandamali, abin da iyaye da yawa suke gani zubar da mutunci ne. Da dama daga cikin matan da suka yi wasa da shi daga baya aurensu ya yi, ƙungiyar ta koma gida guda mai yawo gari-gari da ganguna da kayan sawa da labule.

Daga yajin aikin 1945 ya fitar da Strike and Hunger. Da ya kawo shi Arewa a 1946, a Jos hukuma ta tare shi: 'yan sanda suka hana wasan, aka gurfanar da shi, aka ci shi tara. Mutumin da bara waccan yake sanye da kakin Sarkin Ingila, ga shi yau abokan aikinsa na dā sun tasa shi gaba.

Bai daddara ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu, suka kashe mutum 21. Ogunde ya mayar da wannan ta'asa wasa mai suna Bread and Bullet. A 1951 aka haramta shi a Kano, aka tuhumi mai shi da tunzura jama'a. Tuhumar ba ta zauna ba, sai aka ɓuge da cin sa tarar fam shida kan liƙa takardun talla ba da izini ba.

Abin lura shi ne, wasannin da suka wuce lafiya a Legas su ne suka gamu da sanda a Arewa. Turawa sun ɗauki wannan yanki tamkar lambun da suka kewaye da shinge, ba sa son iskar siyasar Kudu ta kaɗo ciki. Jarida sai mai ilimin boko ke karantawa, amma waƙa da rawa da kwaikwayon Baturen da ke daka wa lebura tsawa, ko wanda bai taɓa riƙe alli ba zai gane, ya koma gida yana rerawa. Tsoronsu ke nan, kuma ba su yi kuskuren lissafi ba.

Sai dai shingen ya riga ya ɓule ta ciki. Tun kafin Ogunde ya hau dandamalin Glover, wani ɗalibi a Kwalejin Kaduna, Aminu Kano, yana rubuta wasanni da Hausa yana shiryawa da 'yan'uwansa ɗalibai, ciki har da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Shi siyasa ta ɗauke shi, ya zama jagoran jam'iyyar NEPU. Ogunde ya tsaya a kan sana'arsa, ya rubuta wasanni sama da 50.

Samun 'yancin kai ma bai raba shi da fushin masu mulki ba. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Akintola ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a duk jihar saboda wasansa Yoruba Ronu, takunkumin da ba a ɗage ba sai bayan juyin mulkin 1966. Daga baya ya koma harkar fim, aka kuma damƙa masa jagorancin ƙungiyar wasanni ta ƙasa a 1986.

Aikinsa na ƙarshe Arewa ya sake dawo da shi. Ya fito a fim ɗin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a Toro, 'yar tafiya kaɗan daga Jos ɗin da aka taɓa gurfanar da shi. Rashin lafiya ta same shi a wannan aiki, aka kai shi Landan, ya rasu a can ranar 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73.