Filin da ke gaban layi

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamun Ikara ko gonakin rake na Kudan ya san cewa idan ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba, ba a tsayawa kan busasshen fangalin ana tono. Sai a bi magudanar a koma baya har a iske inda kunya ta fashe. Abin da ya faɗo mini ke nan ranar da na tarar da ɗan ƙanena a Makarfi ya zabga tagumi gaban kwamfuta, yana koyon rubuta manhaja da harshen Ruby.

"Baffa, ta ce kuskuren yana layi na 212, kuma shi ne layin ƙarshe. Babu komai a kansa."

Na ce, "Ɗana, koma sama." Can a layi na 40 muka iske ya buɗe wani sharaɗi bai rufe shi da kalmar "end" ba. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Ta yi ta karatu tana jiran murfin, sai da takarda ta ƙare sannan ta yi kuka. Mu kuwa da ido muka gano wurin, saboda layukan da ya tura ciki ba su dawo bakin gefe yadda ya kamata ba. Wannan ɗan fili na farkon layi, da ake yi da taɓa dogon maɓalli sau biyu ko huɗu, ya daɗe kafin na'ura ta yarda cewa yana da magana a bakinsa.

Da farko ma ba ado ba ne, dole ce. A 1928 kamfanin IBM ya fito da katin da ake hudawa mai gurbi 80, kuma da John Backus da abokan aikinsa suka saki harshen FORTRAN a 1957, a kan katin suka ɗora shi. Gurbi na 1 zuwa na 5 na lambar layi ne, na 6 alamar ci gaban magana, umarni kuma daga na 7 zuwa na 72. Ka zame gurbi ɗaya, ka faɗi wani abu daban. Tsofaffin ɗaliban lissafi da injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda cibiyar kwamfuta ke ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, sun sha wannan horo.

ALGOL 60 ne ya kwance ɗaurin. Ya ce ka ajiye kalma inda ka ga dama, muddin ka buɗe rukunin umarni da "begin" ka rufe da "end". Harshen C na Dennis Ritchie, a farkon shekarun 1970, ya yi wannan aiki da baka biyu masu lanƙwasa. Daga nan aka samu rubutu biyu a takarda ɗaya: mutum yana karanta tazara, na'ura tana ƙirga murafu, ba ruwanta da fili. Muddin biyun sun yi daidai, lafiya lau.

Akwai wanda ya hango rigimar tun da wuri. A 1966 Peter Landin, wani masani ɗan Ingila, ya kawo shawarar a bar tazarar kanta ta nuna iyakar rukuni: kada wani ɓangare na magana ya zarce ta hagu da inda maganar ta faro. Sunan da ya ba dokar daga filin ƙwallo ya aro shi, wato satar gida. Shawarar ta bi ta harsuna irin su occam da Haskell, ta kuma shiga ABC da aka ƙera a cibiyar CWI ta Amsterdam. Guido van Rossum ya yi aiki a kan ABC, kuma da ya fara Python a Disambar 1989, ya sake shi a 1991, sai ya tafi da dokar. A Python babu "end" da za a manta. Amma an gudu ne ba a tsira ba, don yanzu fili ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu shi ne laifin, kuma ido ba ya bambance filin da dogon maɓalli ya yi da wanda maɓallin tsallake ya yi. Ƙa'idar salon rubuta Python ta 2001 ta tsayar da fili huɗu, Python 3 na 2008 kuma ya ƙi karɓar gamin gambizar biyun.

Sauran harsunan fa? Sai da aka ji jiki. A Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya gyara wata ɓaraka a manhajar iPhone: layi ɗaya, "goto fail", an rubuta shi sau biyu a jere. Na biyun an tura shi ciki kamar yana ƙarƙashin sharaɗin da ke samansa, alhali ga na'ura zaman kansa yake yi, kullum sai ya yi aiki, yana tsallake binciken da ke tabbatar da sa hannun shafin intanet. Nahawu bai karye ba, shi ya sa babu abin da ya tsaya. Ido ya ga abu ɗaya, na'ura ta aikata wani. A 2016 manhajar fassara ta GCC, fitowa ta 6, ta fara gargaɗi idan tazara ta saɓa wa ainihin tsarin.

A ganina matakin da ya fi hikima shi ne na mutanen Ruby, harshen da Yukihiro Matsumoto ya saki a Japan a 1995. Ba su mai da tazara doka ba, sun mai da ita mai ba da shaida. Richard Schneeman ya rubuta wata 'yar manhaja da aka sani da dead_end, daga baya aka sauya mata suna zuwa syntax_suggest, aka kuma haɗa ta cikin Ruby 3.2 a Disambar 2022. Tana farawa daga layukan da suka fi nutsewa ciki, ta haɗa maƙwabta masu tazara ɗaya su zama dami, ta gwada damin shi kaɗai. In nahawunsa ya tsaya, ta ajiye shi gefe, ta faɗaɗa zuwa waje. In bai tsaya ba, sai ta tambaya: da zan cire wannan, sauran takardar za ta karantu? Idan amsar i ce, an kama ɓarawo. Maimakon layi na 212, sai ta nuna maka 'yan layukan da ke kewaye da na 40.

Sharaɗinta ɗaya ne, sai tazarar ta kasance a tsare, kuma a nan ɗan ƙanen nawa ya sake cin karo. Bayan mun sabunta masa Ruby, ya kwafo wani aiki da abokinsa ya turo masa ta waya, duk layukan sun manne da bakin gefe kamar an share su da tsintsiya. Manhajar ta lalubo, ta nuno masa wani yanki mai faɗi, ba ta iya matse shi ba. Sai da ya zauna bayan la'asar ya tura kowane layi mazauninsa, fili biyu-biyu yadda 'yan Ruby suka saba. Bai kai rabi ba ya ɗago kai ya ce, "Baffa, ai ga shi nan."