Daga Akwatin Rediyo Zuwa Sola: Tarihin Masu Gyaran Kayan Lantarki a Yankinmu



Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Shiroro da ta fara aiki a 1990, ga kuma ta Zungeru da aka gina daga baya. Hanyar da ta ratsa Beji ma ita ce ke kai mutum Zungerun. Duk da haka, abin da ya riƙe rediyo da fitila da waya a gidajenmu shi ne hannun mai gyara. Tarihin wannan hannu nake so mu duba yau.

Rediyo ya shigo Najeriya a 1932, lokacin da aka fara kamo shirin BBC a Legas. Na farkon ba irin wanda muka sani ba ne. Akwati ne mai lasifika da ake ja wa waya daga tasha, ana biyan kuɗin wata, kuma mai shi ba ya iya sauya tasha. Irin wannan ne ya isa Kano a 1944. A lokacin gyara aikin ma'aikatan tasha ne. Rediyon da ke kama tasha da kansa kuwa yana aiki ne da wasu kwalaben gilashi da sai sun yi zafi kafin murya ta fito, ga nauyi ga tsada, sai gidan masu hali.

Abin da ya sauya lamarin shi ne taransista, ɗan ƙaramin abu da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947. Ya maye gurbin kwalaben, ba ya buƙatar ɗumi, kuma batirin tocila ya ishe shi. A 1954 aka fara sayar da rediyon aljihu, kamfanonin Japan suka biyo baya da masu araha. Wannan ya zo daidai da buɗe Sashen Hausa na BBC ranar 13 ga Maris, 1957, da kuma Rediyo Talabijin Kaduna a 1962. Manomi ya samu abin ratayewa a gona, makiyayi ya samu abokin hira a daji. Da rediyo ya yawaita a ƙauye, sai aka buƙaci wanda zai tashe shi idan ya mutu. Nan aka samu mai gyaran rediyo: tebur a bakin kasuwa, dalma, ƙarfen narka ta, sukudireba, da tarin matattun rediyoyi da ake ciro kayan gyara daga jikinsu.

Yawancinsu ba a makaranta suka koya ba, a gaban maigida suka koya, amma aikinsu na da tsari. Ana fara duba batir da tsatsar mazauninsa, sai makunni, sai lasifika, sannan a bi hanyar wuta sashe-sashe har a kai inda ta tsaya. Wanda ya iya wannan bibiya ya iya gyara, ko da na'urar ta sauya kama.

Sai kaset ya zo, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya kai wa'azi da waƙoƙin su Mamman Shata da Ɗan Maraya kowane lungu. Mai gyara ya koyi sauya bel da goge kan rakoda. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari talaka. Jama'a suka koma ga na hannu da ake shigowa da su ta Legas, musamman kasuwar Alaba. Kayan da ya riga ya tsufa a Turai kuwa ba ya daɗewa sai da mai gyara. Da finafinan Hausa suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, bidiyo da talabijin suka ƙara musu aiki.

A watan Agustan 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula. Cikin 'yan shekaru sana'ar ta koma hannun matasa. Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja suka zama makarantu marasa allo, inda yaro ke koyon sauya gilashi, gyaran mazaunin caji da saka manhaja. Rashin wuta kuma ya haifar da shagon cajin waya da mai gyaran janareta.

A gefe guda akwai masu yi don sha'awa. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da tsofaffin kayan mota, labarinsa ya zaga duniya. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya shahara da mayar da ƙananan bas-bas masu aiki da lantarki. Yaran da muke gani suna haɗa fanka da injin tsohuwar rakoda, ko fitila da murfin gora, daga irin wannan tushe suke.

Yau zamanin sola ne, kuma a nan ne rashin sani ke cin kuɗin mutane. Faifan sola na ba da wuta mai tafiya hanya ɗaya. Dole ta bi ta na'urar daidaita caji kafin ta shiga batir, sannan inbata ta juya ta zuwa irin wutar gida mai ƙarfin bolt 230. Wanda ya haɗa faifai kai tsaye da batir zai dafa batirin. Wanda ya sa siririyar waya a inda wuta ke da yawa yana gayyato gobara. Batirin mota kuma an yi shi ne don tayar da inji, idan ana zuƙe shi kullum ba ya daɗewa.

Ga abin damuwar. Kayan yanzu da gam ake manne su, kuma sau da yawa sabo ya fi gyara araha. Saboda haka yara da yawa na koyon cire wannan a sa wancan, ba tare da sanin dalilin lalacewar ba. Tsofaffin masu gyaran rediyo da suka san bin hanyar wuta suna ƙarewa, iliminsu na tafiya da su. Turai ma ta farga, har Tarayyar Turai ta yi dokar haƙƙin gyara a 2024. Mu da muka gaji gyara bai kamata mu sake shi a daidai lokacin da wasu ke nemansa ba.

Shawarata ga ƙungiya guda uku ce. Mu nemi dattawan masu gyara da ke raye a Beji da kewaye, mu haɗa su da matasa, maza da mata. Mu nemi haɗin kai da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, su koya wa yaranmu karatun mita da lissafin sola lokacin hutu. Iyaye kuma, idan yaro ya kwance tocila kada a kai masa duka, a ba shi matacciyar rediyo. A dai gargaɗe shi da abu uku: kada ya taɓa wutar soket, kada ya buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya domin tana riƙe wuta ko an cire ta daga soket, kada kuma ya huda batirin waya domin yana kamawa da wuta.

Wanda ya san wani tsohon mai gyara a unguwarsu ya sanar da shugabannin ƙungiya kafin taro na gaba. Allah Ya yi wa sana'o'inmu albarka, Ya jiƙan magabatanmu.

Sakataren Ƙungiya