Kogin da Ke Cika Bayan Damina: Tarihin Lokaci da Sana'ar Su a Kwarin Komadugu

Kogin Komadugu Yobe, wanda ya bi ta kudancin garin Diffa, ya kuma zama iyakar Nijar da Najeriya na tsawon kusan kilomita 150 kafin ya faɗa Tafkin Cadi a kusa da Boso, yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da gulaben da mutanen Maraɗi suka saba da su, domin shi ba ya batsewa sai damina ta ɗauke. Mafi yawan ruwan da ke cikinsa ya fito ne daga tsaunukan Jos ta kogin Jama'are, da kuma ƙasar Kano ta kogin Haɗeja, waɗanda ke bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru, su kwashe makonni suna malala tsakanin ciyayi da tuddan yashi, kafin su haɗu a yankin Gashuwa su nufi gabas. Saboda wannan jinkiri, ruwa kan soma isowa Diffa a cikin damina, ya yi ta hauhawa har kaka ta wuce, ya kai maƙurarsa wajen Nuwamba ko Disamba lokacin da gero ya riga ya shiga rumbu, sannan ya ja da baya sannu a hankali har ya bar tafkuna da kududdufai a cikin rani.

Arzikin kwarin ya dogara ne a kan tabbacin wannan lokaci fiye da yadda ya dogara a kan yawan ruwan. Mobar, wato reshen Barebari da ke zaune a gaɓar kogin ta ɓangarorin biyu, sun shirya shekararsu a kan zuwansa da komawarsa, ta yadda aiki ɗaya ba ya cin lokacin wani: gero a kan tudu da damina, shinkafa a wuraren da ambaliya ke kwanciya, alkama da albasa a lokacin sanyi ana ba su ruwa da jigo, wato doguwar sanda mai guga a baki ɗaya da nauyin laka a ɗaya bakin, sannan su idan ruwa ya fara janyewa, kafin Fulani makiyaya su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawar da ta tsiro a bayansa. Ba abin mamaki ba ne da Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a wannan kwari wajen shekarar 1470, birnin da ya riƙe sarautar Barno fiye da shekara 300 har zuwa faɗuwarsa a 1808, domin gari mai yawan jama'a a bakin hamada yana buƙatar abincin da ba ya jiran ruwan sama kaɗai. Sai a farkon ƙarni na 20, lokacin da Faransa da Ingila suka shata iyaka, kogin da ya kasance tsakiyar ƙasa guda ya koma gefen ƙasashe biyu.

Shi ma kifi da wannan lokaci yake aiki. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da kawara suna ɗaukar ƙwai kafin ambaliya, kuma hauhawar ruwa ce ke tura su cikin ciyayin da ruwa ya rufe, inda suke zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da mafaka har su yi ƙwari. Gaiwa kuwa, idan tafki ya ƙafe, sai ta nutsa cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, ta yi watanni tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa har ruwa ya dawo. Masunta sun san cewa wanda ya kama kifi yana ɗauke da ƙwai ya ci na baɗi, shi ya sa a al'adar kwarin ba a faɗa wa manyan tafkuna sai bulama ko mai kula da ruwan ya sa rana, al'adar da har yau ake ganin sauranta a bikin kamun kifi na Bade a Gorgoram. A ranar da aka buɗe tafki, masunci kan kwanta rub da ciki a kan ƙatuwar gora mai baki a sama, yana tuƙi da ƙafafu, homa a hannu, duk kifin da ya kama ya jefa shi cikin gorar da ke ɗauke da shi. Irin waɗannan goruna, idan aka haɗa su da itace, su ne jiragen fito da Bature matafiyi Heinrich Barth ya tarar a kogin a tsakiyar ƙarni na 19. Ban da lokacin shekara akwai na wata, domin mai kafa kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa cikin ruwa da yamma a ɗebe ta da asuba, ya fi son duhun wata, tun da a farin wata kifi kan ga raga ya kauce mata.

Abin da masuntan suka gane ta hanyar gado, masana halittun ruwa sun tabbatar da shi a wani fage mai nisa da Diffa, wato kiwon murjani. Murjani wata ƙaramar dabba ce ta teku mai ɗumi, wadda ke gina gidan farar ƙasa a jikinta har gidajen su taru su zama duwatsu a ƙarƙashin ruwa, kuma a cikin namanta akwai wani gansakuka da ido ba ya gani, wanda ke sarrafa hasken rana ya ciyar da ita. A farkon shekarun 1980 aka gano cewa murjanin gaɓar Ostareliya na sakin ƙwai gaba ɗaya a wasu darare ƙalilan bayan wata ya cika, sau ɗaya a shekara. Masu ajiye shi cikin akwatunan gilashi a Turai da Amurka sun daɗe suna iya raya shi ba tare da ya hayayyafa ba, har zuwa 2013 da ma'aikatan gidan tarihi na Horniman a Landan suka sa ya saki ƙwai ta hanyar kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta, da hasken wata, da ɗumin ruwa na kowane wata, duk a ƙarƙashin kulawar na'ura.     Masu kiwon tarwaɗa a Kano da Maiduguri sun san wannan matsala ta wata fuskar, domin tarwaɗar kwatami, wadda ba ta taɓa jin hauhawar ambaliya ba, ba ta zuba ƙwai da kanta sai an yi mata allura an tatse ta.

Tabbacin lokacin Komadugu ya soma lalacewa a shekarun 1970, kuma abubuwa biyu suka haɗu a kansa. Na farko shi ne fari, wanda ya rage Tafkin Cadi daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 da yake da shi a farkon shekarun 1960, ya raba shi gida biyu a 1973, har ɓangaren arewa, wanda Nijar ke ciki, ya riƙa ƙafewa ƙaf a shekarun 1980, garin Ngigmi ya wayi gari babu ruwa a gabansa. Na biyu shi ne madatsun ruwa: ta Tiga a kan kogin Kano, wadda aka kammala a 1974, da ta Calawa a 1992. Madatsa takan tare ruwan damina da ya kamata ya yi ambaliya, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan da rani domin gonakin ban ruwa da famfunan birni, kuma wannan ruwa da ba ya yankewa ya ba ciyawar kacalla damar mamaye hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru har ta toshe su. Abin da ke isa Diffa a yau yawancinsa daga Jama'are yake, wanda shi ne dalilin da ya sa mutanen ƙasan kogin ke ɗar-ɗar duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana shirin ginawa a kansa.

Sana'ar su ma ta sauya kama a wannan zamani. Ragar nailan ta shigo Tafkin Cadi tun wajen shekarun 1960 tare da baƙin masunta, Hausawa da Jukunawa da wasu, banda ta zama babbar haja da manyan motoci ke ɗauka daga Baga da Boso zuwa Maiduguri har kudancin Najeriya, daga baya kuma aka ƙirƙiro dumba, wato jerin gurar Mali da ake gitta wa mashigar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa, wadda ba ta tambayar kifi ko ya zuba ƙwai ko bai zuba ba. Manoma a nasu ɓangaren sun ajiye jigo sun rungumi injin ban ruwa, wanda ya ba su ikon shayar da gona a sa'ar da suka zaɓa muddin akwai kuɗin fetur, kuma a kan wannan inji aka gina noman jan tattasai da ya ɗaukaka sunan Diffa, wadda ta zama hedikwatar yanki a 1964, a kasuwannin Najeriya. Injin ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma bai 'yantar da kowa daga kogin ba, tun da bututunsa a cikin kogin ko tafkunan da ya bari yake sha.

Sai kuma zamanin da doka ta zama mai yanka lokaci. Bayan harin Boko Haram a Boso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawa babur, ta taƙaita zirga-zirgar dare, ta kwashe mazauna tsibiran tafkin a watan Mayu, ta kuma haramta cinikin kifi da na tattasai bisa hujjar cewa 'yan bindiga na karɓar haraji a kansu. Ga sana'ar da rabinta a cikin dare ake yin ta, wannan daidai yake da rufe ta baki ɗaya. An sassauta wa tattasai a 2017, kifi kuma a 2019, amma kafin nan dubban iyalai sun koma zama a rumfunan zana a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, nesa da gonakinsu. A cikin wannan hali ne kogin ya riƙa zuwa da ƙarfin da ba a saba gani ba, a 2019 da 2022 kamar yadda ya yi a 2012, ya cinye gonakin tattasai da shinkafa, ya shiga unguwannin Diffa na bakin ruwa.

Takardun da ya kamata su tsara wannan al'amari ba su yi ƙaranci ba. An kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964, Nijar da Najeriya sun rattaba hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Komadugu Yobe, an kuma amince da kundin ruwan tafkin a 2012. Injiniyoyi sun daɗe da nuna cewa ana iya sakin ruwan Tiga da Calawa a cikin damina ta yadda zai kwaikwayi ambaliyar asali, kuma ma'aunin ruwa da ke Gashuwa na iya shaida wa Diffa abin da ke tafe makonni kafin ya iso. Manomin Geskeru ko masuncin Boso ba ya neman a ƙara masa ruwa fiye da na kakanninsa. Abin da yake buƙata daga hukumomin ƙasashen biyu shi ne jadawalin sakin ruwa da ake cika shi, da sanarwa a rediyo cikin Barbarci da Hausa kafin ya zuba iri ko ya ci bashin raga.